Ranar da Na Roƙi a Bar Ni a Gidan Yari

Ni dillalin shanu ne a kasuwar Moriki, sana'ar da na gada wajen ubana. A kararmu, wato kasuwar shanu, baƙo ba ya sayar da dabba sai wani sananne ya ce, "Na tsaya mishi." Da an faɗi haka, ba mai tambayar inda sa ya fito.

Da maraƙi ɗaya na fara. Na ga rashin gaskiya a idon mai shi, na kuma hango la'ada, na ce na tsaya mishi. Daga nan mutanen daji, ɓarayin shanu, suka san ni. Wallahi ban taɓa riƙe bindiga ba, bakina kawai na ba su haya. Ana nan sai Malam Iro, wani tsohon manomi daga Dauran, ya tarar da shanunsa na huɗa da aka sace a hannuna. 'Yan sanda ne suka ƙwace ni da ƙyar daga hannun jama'a.

Na yi shekara da shekaru a tsare ba shari'a. Sai Malama Hadiza, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a mai zagaya fursunoni, ta ce wannan zalunci ne ko ga mai laifi. Ta yi ta zirga-zirga har aka kai ni kotu. Alƙali ya ce zaman da na yi ya biya, a sake ni.

Amma ban yi murna ba. Na san 'yan sa-kai na jirana, kuma wanda suka kira ɗan leƙen asirin ɓarayi ba ya kai gida.

"Malama, don Allah a bar ni nan," na ce. "Kin kashe ni!"

"Kotu ta hukunta ka," ta ce. "Ba mai ikon ƙara maka da wuƙa."

Ashe ta sha zuwa Dauran. Ta zauna da mai gari, ta nema wa Malam Iro tallafin noma, don shi ma da haƙƙinsa. Ranar kasuwa ta kai ni Moriki da rana tsaka. Nan da nan aka kewaye mu.

"Wa ya tsaya mishi?" in ji shugaban 'yan sa-kai.

"Ni," in ji Malama.

"Ke baƙuwa ce. Ba ki cikin lissahi."

Na fara kalmar shahada. Sai na ji muryar Malam Iro a bayana: "Ban yahe ba tukuna. Amma ba a yanka mutum da sunan shanuna. Na tsaya mishi."

Yau a gonarsa nake aiki, ina neman gafarar Allah da tasa. Har yanzu ƙarar babur, abin hawan 'yan sa-kai da mutanen daji, na tsinka min zuciya. Samari, kada ku tsaya wa abin da kuka san ƙarya ne, komai ƙanƙantarsa. Kalmar da na sayar saboda maraƙi, ranar da na neme ta, a bakin wanda na cuta kaɗai ta rage.