Kwana Talatin da Na Cinye wa Kawuna

Mu uku ne a cikin wannan magana: Kawu Sale, yayan mahaifiyata, manomi a Lajawa, Alhaji Hadi, maƙwabcinsa a gona, sai ni, wanda Kawu ya ɗauki nauyin karatuna har na yi digiri.

Da na gama hidimar ƙasa ban sami aiki ba, sai na koma zaman benci a bakin kotu a Wudil, ina rubuta wa mutane takardun ƙorafi. Da ƙananan abubuwa na fara: in mayar da kwanan wata baya, in kwaikwayi sa hannun wanda bai zo ba. Da ba a kama ni ba, sai na ɗauka gwaninta ce.

Ana nan kotu ta ba Alhaji Hadi gonar Kawu ta bakin rafi, bisa shaidar zur. Doka ta ba Kawu kwana talatin ya ɗaukaka ƙara. Da yake ba ya karatun boko, sai ya ɗora mini shigar da ita. Alhaji Hadi ya tare ni ya ce, "Malam mai digiri, har yaushe za ka yi ta goge benci? Akwai gurbin aiki a hannuna. Kai dai ka bar kwanakin nan su wuce."

Na ce wa Kawu na shigar da ƙarar. Na miƙa masa takarda mai hatimin da na sassaƙa da hannuna, na ce babbar kotu ba ta sauraron shari'ar gona sai bayan kaka. Ya yarda nan take, domin a wurinmu aure da gini da sulhu duk kaka suke jira. Har albarka ya sa mini.

Bayan an ɗaure gero ya tafi Kano da takardar. Magatakarda ya duba ya ce, "Baba, wa ya ba ka wannan? Lokacinka ya wuce tun da damina."

Wani lauya ya roƙa masa ƙarin lokaci. Kotu ta ce ba ta sake buɗe wa mai sakaci ƙofa, amma tana buɗe wa wanda aka yaudara, idan ya kawo hujja. Ni ne hujjar. Na tsaya gaban alƙalai na faɗi abin da na aikata. Aka karɓi ƙarar Kawu, ni kuma aka ɗaure ni. Alhaji Hadi ya rantse bai taɓa yin magana da ni ba.

Da na fito na je gaida Kawu. Ya dube ni ya ce, "Tashi min daga tabarma." Mahaifiyata tana zaune, ta ce, "Ai ka ji."

Na tuba, ina neman gafarar Allah. Ku matasa masu ilimi, wanda ya miƙa muku takardar da ba ya iya karantawa, rayuwarsa ya miƙa muku. Ku guji bencin nan da mazaunansa; na san su, ba su da amana. Wanda kuma hukunci ya faɗa a kansa, ya fara ƙirga kwana tun ranar, ya je wurin magatakarda da ƙafarsa.

Gona ta dawo hannun Kawu. Abin da bai dawo ba: daminarsa uku, ɗorawa bakwai da Alhaji Hadi ya sare, shekarata biyu a gidan yari.