Miyar Gyaɗar da Kaka Bala Ya Yi Ta Nema

Duk wanda ya zauna a layinmu na Umdurman ya san ranar Alhamis ba sai an gaya masa ba. La'asar na yi za ka ji turmi yana kuka a gidanmu, yaji ya tashi har maƙwabta su kama atishawa. To Kaka Bala ya shiga madafa ke nan. Dattijo guda, baduku mai rumfa a kasuwa, amma ya ɗaure zanin Ummata a ƙugu, ya kore mu kaf, wai mata ba su da haƙurin miya.

Kun dai san shi da maƙo. Takalminsa ya sha faci har ba a gane fatar asali. Amma ranar Alhamis, ko a shekarun nan na soja da komai sai an bi layi, sai ya samo ƙirjin kaza. Ƙirji kawai, ba cinya ba fiffike. Ya wanke da lemun tsami, ya shafe da tafarnuwa, ya soya sama-sama. Gyaɗa kuwa shi zai soya, shi zai daka. Ka kawo masa dakwa, niƙaƙƙiyar gyaɗar nan ta kanti, ka ga tashin hankali. Sai albasa da tumatir da barkono kamar da gayya, ya tsuguna gaban gawayi yana juyawa, ko sallama aka yi ba ya sakin ludayi.

In an idar da magariba aka zuba, shi ke fara kai loma. Ya rufe ido, mu duka mu yi tsit. Can ya buɗe ya ce, "Saura kaɗan."

Miyar mahaifiyarsa yake nema. Inna Hajara ta rasu yana yaro a kambo, ƙauyen 'yan ƙwadagon auduga na Jazira. Sau ɗaya a shekara, in an gama tsinkar auduga, take yanka kaza, ta ba manya cinyoyi, ta ɓoye masa ƙirjin a ƙasan miya. Ba hoto, ba kabarin da zai nuna. Ya taɓa ce mini ko fuskarta ta ɓace masa, ɗanɗanon nan kaɗai ya rage, kuma yana tsoron ya mutu bai ƙara jin sa ba. Ni ce babbar jikarsa, amaryarsa ta wasa, ni kaɗai ke iya tsokanarsa a kan wannan magana.

Laifin kuwa bai taɓa zama nasa ba. Da farko gyaɗar ya zarga.

"Wannan gyaɗar ba ta jin Hausa," in ji shi.

Na ce, "To angona, a kai ta makaranta mana."

"Ke dai da bakinki! Ki iya dafa shayi tukuna."

Daga baya ya gano ruwa ne matsalar. Wai Inna da ruwan Bahar Azrak take girki, kogin da ke shayar da gonakin Jazira, mu kuma na famfo muke sha. Tsohon nan ya ɗauki jarka ya tsallaka gada zuwa Khartum, ya ɗebo ruwa jajir daga gaɓa, ya hana a tace. Washegari gidan kaf muna layi a ƙofar bayi. Shi ma ya fito yana riƙe da ciki, yana cewa, "Amma fa an matso. Saura kaɗan."

Ummata, da ba ta taɓa ɗaga wa surukinta murya ba, ta ce, "Gaskiya ne Baba, saura kaɗan mu mutu."

Sai ranar da aka ba shi labarin wata tsohuwa a unguwar Alsahafa ta Khartum wadda ta yi zama a kambonsu. Ya dafa, ya naɗe tukunya da tawul, ya ce in raka shi. A bakin gada sojoji suka tsayar da motar da muka shiga suna bincike. Wani dogo ya nuna cinyar Kaka da baki.

"Ya Hajj, da shinu? Me ke ciki?"

"Abin da ya fi ƙarfinka, ɗana."

Wayyo, na ce yau a barikin soja za mu kwana! Sojan ya buɗe, ya lakato da yatsa ya kai baki. Sai hawaye shar, hula ta karkace, yana ta neman ruwa. Abokansa suka kwashe da dariya. Kaka kuwa ya leƙa ta taga da gaske yana tambayarsa, "Gishiri fa? Ya ji?"

Muka isa wurin tsohuwa. Ta karɓi tukunya, ta cinye tsoka uku ta suɗe yatsu, ta juye sauran a kwanonta. Kaka ya matsa kusa.

"Ya kika ji, Hajja? Irin ta Hajara ce?"

"Wace Hajara?"

"Hajara matar Isa, ta kambo!"

"Oho. Ni ai bayan rasuwarta muka zo. Amma Alhamis mai zuwa ka ƙara albasa."

Na yi dariya a motar dawowa har cikina ya ƙulle. Da na juyo na ga yana kallon kogi da tukunya wayam a cinya, sai na daina dariyar. Ranar na fara jin tausayinsa sosai.

Shekarar da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, aka fito masa da gado tsakar gida ƙarƙashin darbejiya. Alhamis ta zo, Umma ta tafi gidan rasuwa, ba kowa sai ni. Ya dube ni kamar wanda za a yi wa fashi, ya ce, "To, Allah ya sa mu ga alheri. Ki juya fa, kada ki saki ludayi."

Na yi komai yadda yake yi. Miya ta fara kauri ke nan maƙwabciyarmu ta ƙwalla daga katanga cewa sukari ya iso kanti, mai so ya ruga. Wata guda muna shan shayi da dabino! Na ce minti kaɗan ne, na zari mayafi na fita. Da na dawo, ƙauri ya cika gida, gyaɗa ta kama gindin tukunya ta yi baƙi. Na sauke a hankali zan zubar ta baya, sai na ji muryarsa.

"Amarya, kawo nan."

"Kaka, ta ƙone."

"Na ce kawo."

Na zuba masa ina jiran faɗa. Ya tsoma kisra, siririyar gurasar dawar nan, ya haɗa da 'yar tsoka, ya rufe ido. Sai na ga hawaye na bin gemunsa.

"Ita ce," ya ce. "Wallahi ita ce. Inna ba ta taɓa zama gaban tukunya ba. Ta ɗora, a kira ta gona, ta dawo ta tarar ta kama. Ni kuma tun ina saurayi nake juyawa don kada ta kama!"

Ya ƙara loma, idonsa a rufe.

"Ga ta nan. Tana da wushirya, da zane uku-uku a kumatu. Ashe gajeruwa ce."

Na durƙusa a gefen gadon ina kuka, ya dafa kaina da hannunsa mai miya.

"Daina kuka, amarya. Ashe rashin iya girkin nan naki gado ne."

Alhamis uku na ƙona masa ita da gangan. Ta huɗun ba ta same shi ba. Har yau in na ji ƙaurin gyaɗa daga gidan wani, sai in kama kewarsa kamar jiya aka fita da shi.

Ya Allah ka ji ƙan Kaka Bala, ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa. Ka kai shi inda Inna Hajara take, ka sa ya gane ta tun daga nesa, kada kuma a ƙara kiranta ko'ina ta bar shi.