Jan Haske a Kunnen Ƙanwata

Ni da ƙanwata mun yi shekaru muna tsaye bakin injin niƙa a gidanmu na Jega, kafin aure ya kai ta Aliero. Injin ya daɗe da mutuwa, amma ya bar mana wata ƙara a kunne, siririya kamar kukan gyare, wadda ko a sujada ba ta ɗaukewa. Ni a hagu, ita duka biyu.

Bara, lokacin cirar albasa, na je gaishe ta, na iske ta kan tabarma, kunnenta ya yi ja kamar garwashi. Autanta, malamin makaranta, shi ya kai ta wurin likita, suka dawo da wata 'yar na'ura mai kamar alƙalami. Leza ake ce mata. Ana sa bakinta a kunne, ta riƙa haska ciki da wani haske marar zafi. Likitan ya ce wasu na jin sauƙi, wasu ba su ji, ba a yi alkawari ba.

"Yaya, ni dai tawa ta ragu," in ji ta. "Jiya har na ji saukar tantabaru."

Na ce, "Madalla."

Ta ba ni aro na sati biyu. Na karanta takardar da autan ya rubuta mata da Hausa, sannu a hankali, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Ban tsallake rana ko ɗaya ba. Gyarena bai ko gusa ba.

Ranar da na mayar mata, autan na nan. Ya durƙusa, ya kama kunnenta da hannunsa, ya gyara mata ɗankwali, yana tsokanarta: "Inna, ko ƙarar ta tafi, tsegumin maƙwabta dai ba ya wuce ki." Ta kai mishi duka tana dariya. Na kau da kai. Ta lura.

"Ke ma kina da ɗa, Yaya. Mi ya hana ki gaya mai?"

Ina da shi, shi kaɗai Allah ya bar mini, kuma ɗan fari ne. Tun haihuwarsa ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa tsayar da ido a fuskarsa ba. Yana tuƙin mota tsakanin Jega da Maiyama. In ya shigo, daga bakin ƙofa yake gaisuwa, ni kuma in amsa ina duban ƙwarya. Ta ina zan fara ce mishi kunnena na kuka?

Kwana uku ina juyawa. Sai na yagi takarda daga littafin ajinmu, na rubuta layi biyu kan kunnena na hagu, na naɗe na ɗaure a murfin kwanon abincin da ake kai mishi tasha. Ban sa sunansa ba, ban sa nawa ba.

Washegari da hantsi na ji motarsa ta tsaya. Ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba, ya dubi bango ya ce, "An ce likitan kunne na zama ran Laraba. A shirya da wuri." Da zai tashi, sai ya zagayo ta damata, ya maimaita a hankali.

Ranar Laraba na zauna a bayan mota, shi a gaba. Da muka ratsa mararrabar Aliero na tuna hannun autan nan a kunnen uwarsa, na gyara ɗankwalina da kaina.