Dinatu da Gilashin da Ya Ƙi Wankuwa

A unguwarmu ta Sintali kaf babu wanda bai san Mama Dinatu mai zoɓo ba, amma wanki ne ya yi mata suna. Tun tana budurwa, in ta ga datti jikinta har ƙaiƙayi yake. Ta taɓa kama akuyar maƙwabta ta yi mata wanka don ta shigo mata gida. Mijinta Obadiya, har Allah ya karɓi ransa, bai taɓa ajiye kofi da sauran shayi ya juyo ya same shi ba. Ni da muke katanga ɗaya, takalmana ɓoye su nake yi.

Autanta Godwin yana ajin ƙarshe a jami'a, kuma aikin da zai fitar da shi a kan wani sabon gilashin sola ne, wai shi perovskite. Yana ba da wuta sosai, sai dai rago ne, ɗan danshi ya taɓa shi ya mutu. Godwin ya sha wuya ya haɗa 'yan ƙanana baƙaƙe, kowanne da irin abin da ya liƙe bakinsa da shi, ya jera su a rufin kicin da rani don ya ga wanda zai jure zafin Jalingo. Bai gaya wa uwarsa ba. Wautar nan har yau haushi take ba ni.

Yana fita Dinatu ta hango su. Ta jingina tsani, ta hau da soso da bokiti.

Da yamma muka ji ihu daga sama. Gilasan sun koma rawaya kamar dafaffiyar kabewa. Godwin ya sauko yana hawaye, na kuwa tausaya masa, don kayan haɗin sun ƙare, lokaci ma ya ƙure.

"Mama, kin kashe ni!"

"Kai Godwin, ni ya wanke kawai. Ɗaya ma ya ƙi. Na dirje shi har hannu ya gaji, baƙi nan bai fita ba."

Kuka ya tsaya cak. Ya koma sama da mitar auna wuta, ya tarar da na ƙarshen yana ba da wutarsa lafiya lau, liƙinsa ya hana ruwa shiga. A kan wannan ɗayan ya rubuta aikinsa, ya kuma fita.

Gilashin yana ofishin malaminsa yanzu. In aka yi wa Dinatu barka a kasuwa sai ta ɓata rai.

"Su maido mini shi," in ji ta. "Da toka zai fita."