Masarata a Siton Takardu

Aikin sito wahala ce, ba wani daɗi a cikinsa. Kwalin takarda ya fi buhun hatsi cin baya, don buhu yana lanƙwasa ya bi jikinka, kwali kuwa sai dai kai ka bi shi. Na yi shekaru ina wannan ɗauka a shagon kayan rubutu na su Hajiya Rabi a Funtuwa, gwiwoyina su ne shaida. Amma ranar da har yau ba ta fita a raina ba, ba ta ɗaukar kaya ba ce.

Ku da kuka zo daga baya ba ku san mafarin wurin nan ba. Mata uku suka kafa shi, duk tsofaffin malaman firamare: Hajiya Rabi, Hajiya Dije, da Malama Asabe, Allah Ya ji ƙanta. A zauren gidan Hajiya Dije suka fara, da tebur ɗaya, alli da fensir. Garin akwai kuɗin auduga da na hatsi, masu hali suka yi ta buɗe makarantu, kasuwa ta buɗe wa matan nan. Lokacin da aka ɗauke ni har sun kama shago a bakin titi, da sito a baya.

Ni a aji huɗu na tsaya. Aikina in sauke kaya daga mota, in jera su a kan katako kada su taɓa ƙasa ko bango, in riƙe makulli. Doka ɗaya Hajiya Rabi ta nanata mini: abinci ba ya shiga sito, ko gyaɗar aljihu. Na ce to. A raina na ce tsirfar mata ce.

Wata kaka na samu buhu shida na masara a gonata ta Mahuta. Duk manomi ya san ba a sayarwa da kaka, ajiyewa ake yi sai ta yi daraja. Ɗakin hayata ba wuri. Sito kuwa ga faɗi, ga siminti, ga makulli a aljihuna. Na sa mai kura ya kawo su, na jera a lungu, na tare da kwalaye.

A gaban buhunan nan na ajiye takardun amsa jarrabawa na wata makarantar 'yan mata. Ita ce makarantar farko da ta yarda ta sayi kaya a hannun matan, tun suna zaure. Ranar Litinin za su fara jarrabawa. Ranar Asabar da safe na ɗaga kwalin farko, gindinsa ya zube. Ɓeraye sun ci masara sun ƙoshi, sun yi sheƙa da takardu. Kwali uku sun taɓu. Sababbi kuma daga Zariya ake yo su, ba za su iso kafin Litinin ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na kira mai kura ya kwashe buhunan kafin Hajiya ta zo. Da ya iso na sallame shi. Ba kirki ba ne ya hana ni. Na san Hajiya Rabi ta fi ni sanin cewa ɓera ba ya tarewa don takarda kawai.

Ta zo, ta duba kwalayen, ta leƙa lungun. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Sale, masarar wa ce?"

"Tawa ce, Hajiya."

"Ba ni makullin."

Na ba ta. Ina da mata da 'ya'ya biyar, ba ni da wata sana'a sai wannan.

Ta kira Hajiya Dije, wadda tsufa ya sa ta daina zuwa shago. Sai ga ta da gwangwanin zare da allurai. Ta dubi ɓarnar, ta dube ni, ta ce, "Sale, ashe ɓerayen Mahuta ma sun zo zana jarrabawa."

Ta sa aka ware takardun. Waɗanda aka gutsiri bakinsu kawai aka datse da injin yanka. Sauran ta ce za mu ɗinka sababbi daga farar takarda, a buga musu hatimin makarantar. Ta ce haka suka fara a zaure, don lokacin ba su da ƙarfin saro littafi, da hannu suke ninkewa su ɗinka. Allurarsu ta kasa huda ninkin da sauri. Na ɗauko basillar da nake ɗinke bakin buhu, ina hudawa suna zura zare. Haka muka wuni, muka dawo Lahadi. Bayan la'asar muka ɗaure ƙunshin ƙarshe, yatsuna duk sun kumbura.

A gabana suka yi maganata, kamar ba na wurin. Hajiya Rabi ta ce za ta nemi wani mai sito. Hajiya Dije ta ce sabon mutum ma sai ya yi tasa ɓarnar kafin ya ji magana, wannan kuwa ya riga ya yi tasa. Da Hajiya Rabi za ta tafi, ta ajiye makullin a kan tebur. Ba ta miƙa mini a hannu ba, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da na gane shi ne, duk dokar da kuka tarar a shagon nan, an sha wuya kafin a kafa ta. Ba sai an gaya maka dalili ba.

Washegari bayan sallar asuba na kai takardun makarantar, na jira har aka raba wa ɗalibai. Daga nan na kai masarar kasuwa na sayar a farashin kaka, na sayo siminti, na durƙusa na toshe ramukan ɓerayen ɗaya bayan ɗaya.