Hannun Wiebe da Boris Mai Tsatsa

Maƙwabcina Wiebe shekara arba'in ya yi yana walda a garin Harlingen, bai taɓa kai babur ɗinsa wurin makanike ba. Yanzu hannunsa rawa yake yi.

Ranar Asabar ina wurinsa, boris mai tsatsa, zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kai, ya ƙi fita daga ƙarfen da ke riƙe tayar bayan babur ɗin. Guduma ta gaza. Saura ya zagaye cikinsa da walda, in ya huce ya tsuke ya faɗo. Wutar na gocewa, ƙarfen ya tashi aiki.

"Tsoho, bar shi mana," in ji matarsa Tjitske.

"Matsa min!"

Sai ta kau da fuska, ta damƙe wuyan hannunsa da ke riƙe da abin walda. Tartsatsi ya tashi. Muka jira ya huce.

Ƙwal! Boris ya faɗo.

"Ka gani? Ni kaɗai," ya ce mini.

Tjitske tana can tana hura yatsunta.