Dattijon da Na Kai Wurin Ɗan Wani

Shekarun baya, lokacin da Maiduguri ta cika maƙil da mutanen da aka koro daga ƙauyukansu, na shiga wata ƙungiyar matasa a unguwarmu ta Mafoni. Ba zan ɓoye muku ba, ba tausayi ne ya kai ni ba. Abokina ne ya ce ana ba da riga mai tambari da takardar shaidar horon shugabanci. Ni kuwa na gama sakandare, zaman banza ya ishe ni, mahaifiyata ma ta gaji da ganina a dakalin ƙofar gida.

A wani shago da mai shi ya bar gari muke taruwa. Shugabarmu malamar firamare ce 'yar kudancin Borno, muna ce mata Anti. Ta koya mana yadda ake jan taro, da yadda ake sauraron mutum har ya kai ƙarshen maganarsa. Ranar Asabar mu yashe kwata, mu kwashe shara. Da sansanoni suka cika, sai ta kawo sabon aiki: mu riƙa rubuta sunayen waɗanda suka ɓace wajen gudu, mu bi sansani-sansani muna cigiya. Da yake ina jin Kanuri sosai, ni aka damƙa wa littafin. Ranar nan tafiyata ma ta canza, kamar an ba ni kujerar gwamna.

Doka ɗaya Anti ta kafa mana. Ta ce, "Kada wanda ya kai wa iyali labari sai ya ga mutumin da idonsa, ya yi magana da shi. Ko da ransa ya ba shi cewa shi ne."

Akwai wani dattijo manomi daga wajen Konduga da ke zuwa shagon kowace Litinin. Yana zaune da surukarsa da jikoki a wani kango kusa da mu. Ɗansa yake nema, mijin surukar, wanda suka rabu da shi a bakin gona ranar da aka shigo garinsu. Ba ya cika surutu. Ya zo ya gaishe mu da Kanuri, "Wushe," ya tsuguna a gefe, in buɗe littafi in ce, "Baba, ba labari tukuna." Ya ce, "To, ɗana. Allah ya biya ku." Ya tashi ya tafi.

Wata Laraba, a wani sansani can ƙarshen gari, na karanta sunan ɗan Baba a gaban wasu mata masu girki, sai ɗaya ta ce ai yana nan. Suna ɗaya, sunan uba ɗaya, daga yankin Konduga. Ya tafi dako Kasuwar Shanu. Na jira har bayan la'asar bai dawo ba, ga dokar hana fita na matsowa. Da na hau keke napep, maganar Anti ta faɗo mini, amma wani abin ya danne ta: ina hango kaina a gaban taro ranar Asabar, ana tafa mini. Ban tsaya ko'ina ba sai kangon.

"Baba, an ga ɗanka."

Bai tashi ba. Ya tambaye ni, "Ka gan shi?"

Na ce, "Kamar na gan shi ne, Baba. Gobe zan kai ka."

Washegari na tarar ya wanke rigarsa guda, ya sa ta da ɗan danshinta. Surukar ta ƙulle masa soyayyiyar gyaɗa a leda, ta ce mijinta na sonta. Jikokin suka raka mu har bakin titi.

A sansanin aka kira mana mutumin. Tun daga nesa na ga Baba ya rage tafiya. Saurayin ya iso ya durƙusa ya gaishe shi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tambaye shi ƙauyensu, ya tambaye shi ina mahaifinsa. Saurayin ya ce shi ma tun ranar gudu bai san inda yake ba. Baba ya miƙa masa ledar gyaɗar, ya dafa kansa, ya juyo.

A keke na yi ta ba shi haƙuri. Sai da muka kusa gida ya ce, "Ba kai ka ɓatar da shi ba, ɗana. Amma me zan ce wa yaran nan?"

Anti ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai sa na tsaya gaban taro na faɗi abin da na yi da bakina, na faɗa.

Litinin ta zo, Baba bai zo ba. Ta biyu ma haka. A ta uku surukar ce ta shigo da goyo. Ta ce tun daga ranar ya daina cin abinci sosai, ya ce ya gaji da neman ɗansa a takarda. Da asuba ya bi masu itace ya nufi hanyar garinsu, su sun dawo, shi bai dawo ba. Ta ce in rubuta sunansa. Na rubuta, a ƙarƙashin na ɗansa.

Ƙungiyar ta ƙara kamar shekara. Mun haɗa wasu iyalai, ba zan ce ba mu yi komai ba, amma sababbin sunaye sun fi waɗanda muke sokewa yawa. Daga baya Anti ta bi iyayenta suka bar jihar, abokina ya koma tuƙin keke, mai shago ya dawo ya karɓi makullinsa. Surukar ma ta tashi daga kangon, ban san inda ta koma ba.

Mutane sukan ce mini da ma Baba zai tafi ko ban yi abin da na yi ba. Wataƙila. Abin da na sani shi ne, kafin in je masa da albishir, mutumin nan yana iya jira. Ni na karɓe masa wannan, don in ji ana tafa mini. Tun daga lokacin, ko labarin haihuwa aka ba ni in kai, sai na tabbatar sau biyu, har matata na yi mini dariya. In na idar da sallah nakan tuna da shi, in ɗaga hannu, in rasa wacce zan yi masa, addu'ar mamaci ko ta matafiyi.